Bin Sawun Tuffar da ke Cikin Man Shafawa

A shekarar 2008 ne wani kamfanin ƙasar Suwizalan, Mibelle Biochemistry, ya fito da sinadarin da ya sa wa suna PhytoCellTec Malus Domestica. Bayanin da ya zo da shi shi ne, daga ƙwayoyin halittar wata tsohuwar tuffa aka samo shi, kuma ƙwayoyin nan a cikin kwalba aka rene su, ba su taɓa ganin gona ba. Kafin ka ce kwabo masu haɗa man shafawa sun yi masa caa, kwalaben kirim masu hoton koriyar tuffa suka cika kantunan kayan kwalliya daga Turai har Asiya. Na daɗe ina jin maganar ta baki biyu. Masu talla na cewa an samo abin da zai dawo wa fata da ƙuruciyarta, masu suka kuma na cewa damfara ce tsagwaronta. Da hanya ta kai ni Suwizalan a watan Satumba, sai na ɗaura niyyar bin abin tun daga gindin bishiya har bakin kwalba, tun da gani ya kori ji.

Daga Zurik na hau jirgin ƙasa zuwa Romanshorn, can kuma na sauya zuwa wani ƙarami mai bin gaɓar tafkin Konstanz, tafkin da Suwizalan da Jamus da Ostiriya suka haɗa iyaka a kansa. Ba a jima ba ya sauke ni a Uttwil. Ƙauye ne ɗan ƙarami a jihar Thurgau, idan ka tsaya a bakin ruwa kana hango ƙasar Jamus a tsallake. Thurgau ƙasar tuffa ce. Duk inda ka juya layukan gajerun bishiyoyi ne a jere, an ɗaure su a jikin waya, an shimfiɗa musu raga a sama saboda ƙanƙara, rassan sun sunkuya don nauyin 'ya'ya. Waɗannan su ne tuffar kasuwa. Wadda na zo nema ba ta cikinsu.

Wani dattijo mai kula da tsofaffin irin 'ya'yan itace ne ya kai ni wurinta, a wani fili mai ciyawa inda bishiyoyin ke tsaye a warwatse, dogaye, kowacce da inuwarta. Sunanta Uttwiler Spätlauber. An san ta a wannan yanki tun wajen tsakiyar ƙarni na 18. 'Ya'yanta kore ne, masu tauri, ba wani kyan gani na a zo a gani. Na ce, Baba, ko zan ɗanɗana? Ya yi murmushi ya tsinko min ɗaya, ya ce ba ta nuna ba tukuna, sai Oktoba. Tsami da bauri ne suka cika min baki. Ya ce ko ta nuna ma haka take da tsami, darajarta a wajen ajiya take. A zamanin da babu firiji, magidanci kan tsinke ta a ƙarshen kaka ya jera a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, ta cinye hunturu duka ba ta yamushe ba, ta kai shi har bazara. Da firiji ya zo, ga kuma tuffa masu zaƙi a kasuwa, sai aka daina waiwayarta. Tsakanin shekarun 1950 da 1970 kuwa hukumomin ƙasar sun ba da ƙarfi wajen sare dogayen bishiyoyin gargajiya don a koma noman zamani, miliyoyinsu suka faɗi. Kaɗan ne daga wannan iri suka tsira, su ma albarkacin mutane irin dattijon nan da ƙungiyoyi irin su ProSpecieRara da Fructus, masu bi gona-gona suna yanko reshe suna yi wa sabbin bishiyoyi aure don kada irin ya ɓace.

Wannan rashin yamushewa shi ya ja hankalin masu bincike. Tunaninsu shi ne, tuffar da ke daɗewa haka tana ɗauke da sinadaran da ke kare ƙwayoyinta, wataƙila su amfani fatar mutum. Tunani ne mai daɗin ji, mai sauƙin sayarwa kuma. Sai dai bishiyoyin ba su da yawan da za a riƙa matse 'ya'yansu ana cika tankuna. A nan renon ƙwayoyi a kwalba ya shigo, domin 'yan tuffa ƙalilan sun isa a fara, daga nan ba a sake buƙatar bishiyar.

Yadda ake yin haka na gani da idona a wani ɗakin bincike da ke gefen tafkin Zurik, inda wata masaniya mai renon ƙwayoyin tsirrai ta yarda na zauna kusa da ita tana aiki. Kafin na shiga sai da na sa farar riga da safar hannu, aka fesa min sifirit. Teburin aikinta akwati ne mai buɗaɗɗen gaba, iska tatacciya na busowa daga cikinsa zuwa waje ba ƙaƙƙautawa, don kada ƙura ta sauka a kan abin da ake yi. Ta ɗauko ɗan yankin ganye, ta tsoma a sifirit na ɗan lokaci, ta mayar cikin ruwan bilic da aka sirka, ta ɗauraye shi sau da yawa da ruwan da aka dafa a tukunyar turiri mai matsi a zafin digiri 121. Sannan ta sa hantsaki da wuƙar tiyata ta yayyanka shi ƙanana, ta tsattsaga kowanne da gangan, ta jera su a kan wani abu mai daskarewa a cikin ɗan farantin gilashi mai murfi.

Abin da ke cikin farantin shi ne abincinsu. Ruwa ne da gishirin ma'adinai irin su naitirojin da fosfaras da fotasiyam da ƙarfe, da 'yan bitamin, da sukari wajen giram 30 a kowace lita, da agar da ake samu daga ciyawar teku don ya daskarar da haɗin. Sai kuma ɗigon sinadaran girma guda biyu, oksin da sitokinin, waɗanda su ne linzamin aikin gaba ɗaya. Na tambaye ta, Dakta, me ya sa kike ji wa ganyen ciwo? Ta ce ai ciwon shi ne mabuɗi. Duk tsiron da aka yanka, ƙwayoyin da ke bakin raunin kan ajiye aikin da suka saba, na ganye ya daina zama ganye, na saiwa ya daina zama saiwa, su koma rarrabuwa kawai don su toshe wurin, kamar dai yadda ciwo ke yin ɓawo a jikin mutum. Wannan tsiron rauni shi ake kira kalus. A jikin bishiya yakan tsaya da zarar raunin ya rufe. A cikin faranti kuwa, muddin ana ba shi abinci da sinadaran nan daidai gwargwado, ba ya tsayawa.

Ta buɗe wani ɗaki mai duhu da aka tsayar da zafinsa a digiri 25, ta fito da farantai na makonni daban-daban ta jera min. Na farko ganye ne kawai da ya ɗan kumbura a gefe. Na gaba ya fara fitar da ƙuraje farare. Na ƙarshe babu alamar ganye ko kaɗan, sai wani curi mai ruwan madara, mai ɗanshi, da ke marmashewa idan an taɓa shi da hantsaki. Na daɗe ina kallonsa ta madubin likita. Ƙwayoyi ne zagayayyu a cunkushe, kowacce da bangonta, kowacce kuma na ɗauke da cikakken tsarin halittar tsiron da ta fito. Wato da za a juya ma'aunin sinadaran nan biyu, curin nan zai iya fitar da saiwa ko toho, har ya koma cikakken tsiro. Wannan al'amari ya girgiza ni fiye da duk wani alkawarin da na taɓa karantawa a jikin kwalbar kirim, na ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Sana'ar ta girmi kayan kwalliya nesa ba kusa ba. Gottlieb Haberlandt, masanin tsirrai a birnin Graz na Ostiriya, shi ya fara gwada renon ƙwayoyin tsiro su kaɗai a 1902. Nasa sun rayu na ɗan lokaci, sun ƙara girma, amma sun ƙi rabuwa. Duk da haka ya tsaya a kan cewa wata rana za a iya fitar da tsiro daga ƙwaya guda. Sai a 1939 Gautheret da Nobécourt a Faransa suka samu kalus na karas da ke ci gaba da girma ba iyaka, White a Amurka ya samu irin haka da taba. A 1957 Skoog da Miller a Wisconsin suka gano cewa idan oksin ya rinjayi sitokinin saiwa ke fita, idan sitokinin ya rinjaya toho ke fita, idan suka yi kunnen doki sai kalus ya ci gaba da zamansa kalus. Shekara guda bayan haka Steward a jami'ar Cornell ya fitar da cikakken karas daga ƙwayoyin da ya rena da taimakon ruwan kwakwa, maganar Haberlandt ta tabbata bayan shekara fiye da 50. Haɗin abincin da na gani a farantin Dakta ma na Murashige da Skoog ne, na 1962, har yau shi aka fi amfani da shi a duniya.

Abin da littattafai ba sa nunawa shi ne yawan haƙurin da aikin ke ci. Abincin da ƙwayar tsiro ke so, funfuna da bakteriya sun fi ta son sa, sun kuma fi ta sauri. Bakteriya na iya ninka kanta cikin minti 20, ƙwayar tsiro sai ta yi kwanaki. Ƙura ɗaya ta faɗa faranti, aikin wata guda ya tafi. Ta nuna min kwandon waɗanda suka lalace, kore da baƙi da ruwan hoda, suna jiran a kai su tukunyar turiri. Waɗanda suka tsira kuma, duk bayan mako biyu zuwa huɗu sai an tsinci ɓangaren da ya fi lafiya da saurin girma an mayar da shi sabon faranti. Ana iya shafe watanni, wani lokaci fiye da shekara, kafin a samu zuri'ar da ta daidaita. Ko an samu ma ba a sakin jiki, domin ƙwayoyin da suka daɗe suna rabuwa a kwalba halinsu kan sauya a hankali, wanda ke ba da sinadari da yawa bana ya rage baɗi. Shi ya sa ake daskarar da wani kaso a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, idan na hannu ya ɓaci a koma ga na ajiya.

Daga faranti ake mayar da kalus cikin ruwan abinci marar agar, a kwalabe masu faɗin gindi da ke kan injin girgiza dare da rana, har curin ya warwatse ya zama ruwa mai kauri. Daga nan sai babban mazubi. Ƙwayoyin tsiro manya ne, ba sa jure injin da ke juya ruwa da ƙarfi, don haka a wurare da yawa jakar roba ake amfani da ita, a cika ta rabi, a hura mata tatacciyar iska, a ɗora ta kan faranti mai karkata dama da hagu, ruwan ya riƙa yin igiya a ciki. Jami'ar ZHAW da ke Wädenswil, a gaɓar tafkin Zurik, ta yi suna a binciken irin waɗannan jakunkuna.

Abu ɗaya ya fi burge ni a wannan sashe. Ta ajiye min kwalabe biyu na ƙwayoyin inabi, zuri'a ɗaya, abinci ɗaya. Wadda ta zauna a duhu fara ce fat, wadda aka bari a ƙarƙashin fitila ta yi jawur. Bayaninta shi ne, yawancin sinadaran da masu kayan kwalliya ke nema makaman kare kai ne na tsiro, yana yin su ne idan rana ta gasa shi ko ƙwaro ya cije shi ko cuta ta kama shi. Ƙwayar da ke zaune cikin daɗi a kwalba ba ta da dalilin wahalar da kanta. Sai a tsorata ta da gangan, da haske mai ƙarfi, ko da metil jasmonet, sinadarin da tsirrai ke aika wa sassan jikinsu da shi idan an ji musu rauni. Da ta ji alamar hari sai ta shiga ƙera makamai, mai reno kuma ya girbe. Jafanawa ne suka fara kai renon ƙwayoyin tsiro kasuwa. A 1983 kamfanin Mitsui ya fara samar da shikonin, wani jan rini da ake samu a saiwar tsiron Lithospermum erythrorhizon. A gona sai saiwar ta yi shekaru kafin ta tara kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na rinin, a tanki kuwa ƙwayoyin sun haura kashi 10 cikin makonni uku. Kamfanin Kanebo ya saka shi a jan-baki a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma samu karɓuwa sosai. A fannin magani abin ya fi haka girma, domin a Ahrensburg kusa da Hambug akwai tankuna masu cin lita 75,000 da ake renon ƙwayoyin bishiyar Taxus a cikinsu don samar da faklitaksel na maganin ciwon daji, wanda a da sai an ɓare ɓawon bishiya ta mutu kafin a same shi.

Sai muka zo kan tambayar da ta kawo ni. Na ce, Dakta, waɗannan ƙwayoyin su ne ake zubawa a kirim? Ta girgiza kai. Idan sun cinye sukarinsu sun cika jaka, sai a tace su, a wanke, a tura su ta cikin inji mai matsi mai tsanani da ke farfasa su. Ruwan da ya fita a gauraya shi da lesitin, wani maiƙo mai haɗa ruwa da mai, ya zama 'yan mitsi-mitsin ƙullin maiƙo, ko a zuba shi a gilisarin, ko a busar da shi ya zama gari. Babu ƙwaya ko ɗaya mai rai a cikin kwalbar da ke kanti. Da ma akwai, ba za ta rayu a cikin kirim ba, ba za ta iya ratsa saman fata ba don ta yi girma da yawa, kuma ƙwayar tuffa har abada ba za ta rikiɗe ta zama ta mutum ba. Abin da mai saye ke shafawa romon tsiro ne, mai ɗauke da sinadaran fenol da amino asid da sukari da maiƙo da ma'adinai. Wasunsu na iya rage ɓarnar da hasken rana da gurɓatacciyar iska ke yi wa fata, ko su kwantar da kumburi. Wannan amfani ne na gaske, kuma da ma'aunin da ake auna kowane romon tsiro ya kamata a auna shi.

Ma'aunin kuwa shi ne gwaji a jikin mutane. Binciken da kamfanin tuffar ya wallafa a 2008 an yi shi ne a kan mutum 20, suka shafa kirim mai kashi 2 cikin 100 na sinadarin a gefen ido har mako huɗu, aka ce zurfin tamoji ya ragu da kashi 8 cikin 100 bayan mako biyu, da kashi 15 bayan mako huɗu. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa a ci gaba da bincike. Amma mutum 20 kaɗan ne, mako huɗu gajere ne, kuma mai kaya ne ya auna kayansa. A ajiye shi kusa da binciken da aka yi a garin Nambour na Ostareliya, wanda aka wallafa a 2013: mutum sama da 900, shekara huɗu da rabi, aka samu cewa masu shafa man kare rana kullum tsufan fatarsu ya gaza na sauran da kashi 24 cikin 100. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wanda ke da kuɗin abu ɗaya kacal, na san wanda zan ce ya saya.

Da na fito na shiga wani kantin magani kusa da tashar jirgi na riƙa juya kwalabe ina karanta bayansu. A dokar Tarayyar Turai, wadda Suwizalan ma ta daidaita nata da ita, ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba kuma a jera su a ƙarshe yadda aka ga dama. Sunan da ake nema shi ne Malus Domestica Fruit Cell Culture Extract, ko wani sunan tsiro da Callus Culture Extract a bayansa. A wasu kwalaben yana tsakiyar jeri, a wasu yana can ƙasa bayan turare, alhali hoton tuffar ya cinye gaban kwalbar. Ga shi kuma sinadarin da ake sayar wa masu haɗa kirim shi kansa haɗi ne da ruwa da gilisarin da lesitin, romon ƙwayoyin wani ɓangare ne kawai a ciki.

Da a nan na tsaya da na koma da rabin labari. Dutse ne ya nuna min ɗaya rabin. Daga Wilderswil kusa da Interlaken akwai tsohon jirgin ƙasa mai haƙora da ke hawa Schynige Platte tun 1893, a hankali yake tafiya, kusan awa guda kafin ya kai tsayin da ya kusa mita 2,000. A sama iska na da sanyi, rana kuma na da cizo, ga duwatsun Eiger da Mönch da Jungfrau a gabanka fari fat. Kusa da tashar akwai lambun tsirran duwatsun Alps mai ɗaruruwan iri, kowanne da allon sunansa. A nan na durƙusa gaban edelwais. Ɗan tsiro ne da bai wuce tsawon tafin hannu ba, furensa mai siffar tauraro, duk jikinsa lulluɓe da farin gashi mai laushi da ke kare shi daga sanyi da bushewa da hasken ultrabayolet, wanda ke ƙara ƙarfi gwargwadon yadda ka yi sama. A cikin ganyensa kuma akwai makamin da ba a gani, liyontofodik asid, wanda masu bincike a jami'ar Innsbruck suka gano, mai ƙarfi wajen kare ƙwayoyi daga lalacewa. Dole masu man shafawa su yi kwaɗayinsa.

Tsiron nan ya taɓa ganin abin da kwaɗayi ke yi. A ƙarni na 19, da yawon hawa dutse ya zama yayi, kowane baƙo na son komawa gida da edelwais a hularsa, 'yan ƙauyuka na tumɓuke shi suna sayarwa har ya fara ƙarewa a wuraren da ƙafa ke kaiwa. A 1878 jihar Obwalden ta hana tono shi da saiwarsa, ɗaya daga dokokin kare tsirrai na farko a Turai, yau kuma an kare shi a yawancin yankunan Alps. Ina durƙushe nake lissafin tsiro nawa za a tuge kafin a cika buƙatar kamfani guda na shekara guda. A nan na fahimci darajar abin da na gani a ɗakin bincike. Ɗan ganye ɗaya ya isa a kafa zuri'ar da za ta yi shekaru tana bayarwa. Babu jiran damina, babu fari, babu maganin ƙwari, babu darma ko wani ƙarfe mai guba da saiwa ta zuƙo daga ƙasa, kuma abin da aka girba a Janairu shi za a girba a Yuli. Wani kamfanin Italiya, IRB da ke Altavilla Vicentina, wanda kamfanin Croda ya saya a 2012, yana cikin waɗanda suka yi fice a renon ƙwayoyin edelwais. Ban ce aikin ba shi da nasa nauyi a kan ƙasa ba. Yana shan lantarki dare da rana, jakunkunan roba sau ɗaya ake amfani da su a yar, sukarin da ƙwayoyin ke ci ma wata gona ce ta noma shi. Amma ga tsiron da ke da wuyar samu, mai jinkirin girma, wanda ke gaɓar ƙarewa, ban ga hanyar da ta fi wannan ba.

Zangona na ƙarshe jihar Valais ce, ta ramin jirgin ƙasa na Lötschberg mai tsawon fiye da kilomita 34. A can manoman kan tudu sun daɗe suna noman ganyayen magani da na shayi ba tare da takin zamani ba, edelwais ma ya shiga gona tun da masu binciken aikin gona na ƙasar suka fitar da irin da ya yarda da noma. Na tsaya a wata 'yar gona a gangaren dutse, an riga an yanke furen bana, mai gonar na cire ciyawa da hannu. Da na ba shi labarin abin da na gani a kwalba bai ɓata rai ba. Ya ce shi ma ba ya taɓa na daji, gonarsa ma ta ɗauke wa dutse nauyi, bambancin kawai shi ne kuɗin gonarsa a ƙauyen suke zama. A irin wannan gangare da tarakta ba ta hawa, ganyayen nan na cikin abin da ke riƙe iyali kada su sauka birni. Ban sami abin da zan ce masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Inda tsiro ke nomuwa kuma mutane ke ci da shi, kwalba kishiyar manomi ce.

Maganar ta fi nauyi idan tsiron daga wata ƙasa aka ɗauko shi. Akwai zuri'ar ƙwayoyin argan, bishiyar kudu maso yammacin Maroko da ƙungiyoyin mata ke rayuwa da man 'ya'yanta, akwai ta Centella asiatica da ake tsinta a Madagaska da Asiya. Romon kalus ba ya maye gurbin man argan, abu biyu ne daban. Amma ƙa'idar na nan: da zarar ɗan toho ya shiga faranti ya zama zuri'a, ba a sake komawa wurin waɗanda suka kiyaye bishiyar, suka kuma fara sanin amfaninta. Yarjejeniyar Nagoya, da aka amince da ita a Japan a 2010 ta fara aiki a Oktoban 2014, don wannan aka yi ta. Ta ce wanda zai ɗauki tsiron wata ƙasa don bincike ko kasuwanci sai ya nemi izininta tukuna, a kuma yi yarjejeniyar yadda za a raba amfanin. Suwizalan da Tarayyar Turai duk sun shiga, suna kuma tilasta wa kamfanoninsu ajiye shaidar inda suka samo abin da suke renawa. Sai dai dokokin nasu sun shafi abin da aka ɗauka bayan yarjejeniyar ta fara aiki ne. Zuri'ar da ta shiga ruwan naitirojin kafin 2014 na iya ci gaba da bayarwa shekara da shekaru ba tare da wani wajibi a kanta ba, sai abin da kamfani ya ga dama ya yi don kansa. Ina ganin ya kamata kamfanin da ke buga sunan ƙasar da tsiro ya fito a gaban kwalba ya faɗa a bayanta ko wani abu na komawa can, kuma nawa ne.